Zaɓen Maganin Tsaftace Kejin Maciji da Sauran Dabbobi Masu Jan Ciki

Kejin da ake ajiye maciji ko kunkuru ko hawainiya wuri ne ƙarami, rufaffe, mai ɗumi da laima. A cikinsa dabbar take ci, take sha, take kashi, take kwana. A daji maciji kan yi kashi ya wuce abinsa, rana da ruwan sama da ƙwari su gama da abin da ya bari. A keji kuwa babu inda za shi, dole ya dawo ya ja ciki a kan ƙazantar jiya. Ɗumin da ake kunna masa don ya ji daɗin jikinsa, wanda ga macizai da yawa yake kaiwa digiri 30 zuwa 32 a ɓangaren keji mai zafi, shi ne kuma ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa a cikinsa. Saboda haka mai kiwon irin waɗannan dabbobi ba shi da makawa sai ya riƙa amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Matsalar ita ce, da yawa daga cikin magungunan da ake tsaftace gida da su suna iya halaka dabbar kafin su gama da ƙwayoyin.

Kiwon maciji don sha'awa ya fi yaɗuwa a Amurka da Turai da Japan, inda ake da shaguna da likitocin dabbobi da suka ƙware a kansa, kuma yawancin binciken da za a ambata a nan daga can ya fito. Sai dai dabbobin da suka fi farin jini a hannun masu kiwon, da yawansu 'yan yankinmu ne. Ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, asalinta dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa ƙetare. Babban kunkurun Sahel, wanda shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, ɗan Nijar da Chadi da Mali da Sudan ne. Haka ma damo. A gida kuma akwai masu ajiye kunkuru a tsakar gida, akwai gardawa da macizansu, akwai ma'aikatan gidajen namun daji irin na Audu Baƙo a Kano, da na Jos, da wanda ke cikin gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Duk wanda ke wanke mazaunin ɗaya daga cikin waɗannan dabbobi, maganar ta shafe shi.

Ƙwayar cuta ta farko da ake yaƙa ita ce salmonela, kuma ita mutum ta fi yi wa illa. Yawancin dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ita a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, suna fitar da ita a kashi, daga nan ta bi fatarsu da ruwan shansu da bangon keji. Idan ta shiga bakin mutum takan kawo zawo da zazzaɓi da ciwon ciki, kuma takan yi tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. A shekarar 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da ƙananan kififiya da ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba, wato kusan santimita 10, saboda yara na wasa da su har suna kai su baki. An ƙiyasta cewa wannan doka tana kare yara kimanin 100,000 daga cutar a kowace shekara. Babu wani magani da zai raba dabbar da salmonela kwata-kwata. Abin da tsafta ke yi shi ne rage yawanta da toshe hanyarta zuwa bakin mutum.

Akwai kuma cututtukan da ke kama dabbobin kansu. Bakteriyar da ke taruwa a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana ruɓar da fatar cikin maciji, tana kawo ciwon baki da na huhu. Akwai bairos da ke taɓa ƙwaƙwalwar mesa da danginta har maciji ya kasa juyowa idan aka kwantar da shi rigingine. A shekarar 2012 masana a Kalifoniya suka gano irin bairos ɗin da ke haddasa wannan cuta. Akwai funfunar da ke cin fatar maciji. Akwai kuma wata ƙwaya mai taurin kai da ake kira kirifto, wadda za a yi bayaninta daban, domin ita ce ke karya kusan duk ƙa'idojin da suka shafi sauran.

Dalilin da ya sa waɗannan dabbobi ba sa jure sinadarai yana cikin halittar jikinsu. Yawancin macizai huhu ɗaya ne ke yi musu aiki, na dama, dogo siriri. Ba su da tantanin da ke raba ƙirji da ciki, saboda haka ba sa iya tari. Duk abin da ya fusata huhun ya tara majina, to majinar nan za ta zauna. Maciji kuma da harshensa yake sanin duniya. Yana fitar da shi ya ɗebo ƙananan ɓurɓushi daga iska da ƙasa, ya mayar da su wata gaɓa da ke dasashin bakinsa na sama. Ke nan duk ragowar maganin da aka bari a ƙasan keji, sai ya shiga bakinsa. Ga shi cikinsa manne da ƙasa dare da rana, ga shi yakan shige kwanon ruwa ya jiƙa na sa'o'i, musamman idan zai yi saɓa. Jikinsu kuma ba ya saurin sarrafa guba ya fitar da ita kamar na kare ko akuya. A ƙara da cewa keji rufaffe ne, kuma fitilar ɗumi tana tayar da tururin duk wani sinadari da bai bushe ba. Warin da mutum zai ji ya ce ɗan kaɗan ne, a tsaye cikin ɗaki mai taga, dabbar a cikinsa za ta wuni ta kwana.

Kafin a zo kan zaɓen magani, akwai bambancin da ya kamata ya zauna a zuciya: wanki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban, kuma wanki ne a gaba. Kashi da ragowar abinci da maiƙo suna cinye ƙarfin magani tun bai isa ga ƙwayoyin ba. A jikin kwanon ruwa kuma akwai wani santsi da ake ji da yatsa idan kwanon ya kwana biyu. Wannan santsin bakteriya ce ta gina wa kanta rufi, kuma magani ba ya ratsa shi sai an dirje da burushi. Kashin maciji yana zuwa da wani farin abu mai kama da alli, wanda shi ne fitsarinsa, idan ya bushe yakan manne wa gilashi da roba ƙam. Sai an jiƙa shi da ruwan ɗumi an kankare. Sabulun wanke kwanuka marar ƙamshi da ruwan ɗumi da burushi su ne ke kawar da mafi yawan ƙwayoyin. Magani yana zuwa ne ya ƙarasa waɗanda suka rage a wurin da ido ya riga ya ga ya fita tas.

Rukunin da ya fi kowanne haɗari shi ne na finol da danginsa, kuma abin takaici shi ne wanda hannu ya fi saurin kaiwa gare shi. A wannan rukuni ne Izal yake, da Jeyes Fluid, da Dettol na ruwan kwalba, wanda ke ɗauke da kulorozailinol da man itacen fain. Ana gane da yawansu da alamu biyu: wari mai ƙarfi irin na asibiti, da kuma yadda ruwa ke komawa fari kamar madara idan aka zuba su. Mutane sun saba ɗaukar wannan wari a matsayin shaidar tsafta, kuma a makewayi ko magudanar ruwa suna da amfaninsu. A kejin maciji ba su da wuri ko kaɗan. Finol yana ratsa fata, yana ƙona ta, yana taɓa hanta da jijiyoyi, kuma yana shiga cikin roba da katako ya zauna, ta yadda ɗauraya ba ta fitar da shi duka. Kyanwa ma ba ta jure shi. A Ostareliya, inda wani babban kwaɗo mai guba ya addabi ƙasar, mutane sun daɗe suna fesa masa Dettol don su kashe shi, domin yana shiga ta fatarsa. Fatar maciji ta fi ta kwaɗo kauri, amma bakinsa da idonsa da huhunsa ba su da wannan kariya. Haka hukuncin yake ga duk wani maganin goge ƙasa mai ƙamshin fain ko lemo ko furanni, da turaren fesawa na ɗaki. Ko ɓawon katakon fain da na sida, da ake shimfiɗa wa wasu dabbobi, masu kiwon maciji suna gudunsa saboda man da ke cikinsa.

Maganin da ya fi araha, ya fi samuwa, kuma yake da faɗin aiki shi ne ruwan bilic, wanda a Najeriya aka fi sani da sunayen Jik da Hypo, a Nijar da Chadi da Kamaru kuma ake ce masa jabel. Sinadarin kulorin da ke cikinsa yana kashe salmonela da sauran bakteriya, da yawancin bairos, da funfuna. Wasu na jin tsoronsa saboda warinsa, amma yana da wani hali mai kyau da finol ba shi da shi: idan aka ɗauraye da kyau aka bari ya bushe, kulorin ɗin yakan tafi, ba ya zama a jikin gilashi ko roba mai santsi.

Duk sirrinsa yana wurin awo. Ƙarfin bilic ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka sai an duba takardar da ke jikin kwalba. Na Amurka yakan kai kashi 5 zuwa 8 cikin 100, kuma likitocin dabbobi a can sukan ba da awon kashi 1 na bilic cikin kashi 32 na ruwa. Wanda aka fi sayarwa a ƙasashenmu yakan tsaya a kashi 3.5 cikin 100, saboda haka awonsa ya ɗan fi yawa: kashi 1 na bilic cikin kashi 20 na ruwa. Wannan shi ne mililita 50 a lita ɗaya, ko kuwa babban cokali 5 a babbar gorar ruwa mai cin lita ɗaya da rabi.  Idan dabba marar lafiya ce ta zauna a kejin, ana iya ƙara ƙarfi zuwa kashi 1 cikin kashi 6 na ruwa, wanda shi ne awon da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi a kan jini da amai, sai dai ɗaurayar ma dole ta ƙaru. Da ruwan sanyi ake haɗawa, domin ruwan zafi yana tayar da kulorin ya bi iska. A ranar da za a yi aiki ake haɗawa, domin haske da zafi suna kashe ƙarfinsa. Haɗin jiya a zubar. Kuma a sayi wanda ba a sa masa turare ba. Bayan an shafa, wurin ya zauna a jiƙe na minti 10 cur. Wanda ya fesa ya goge nan take ya ɓata bilic ɗinsa ne kawai.

Akwai gargaɗi a kan bilic da ya shafi ran mai aikin kansa. Ba a haɗa shi da komai sai ruwa. Idan ya gamu da amoniya yana fitar da iska mai guba. Idan ya gamu da abu mai tsami, kamar binega ko maganin wanke masai, yana fitar da iskar kulorin tsantsa, wadda ke ƙona huhu. Wannan ma wani dalili ne na kwashe kashi da fitsari tukuna. Yana kuma cin ƙarfe, don haka ragar keji da ƙusoshi suna bukatar ɗauraya ta musamman.

Na biyu shi ne kulohekzidin, wanda kamfanin ICI na Ingila ya samar a shekarun 1950. Iyaye mata da ungozoma a arewacin Najeriya sun san shi, domin shi ne ke cikin man da ake shafa wa cibiyar jariri. Na likitocin dabbobi yakan zo a ruwa mai launin shuɗi ko ruwan hoda, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. A Amurka an fi saninsa da sunan Nolvasan. Ana zuba mililita 8 zuwa 24 a lita ɗaya, gwargwadon abin da takardar kwalbar ta ce. Ba shi da wari mai fusata huhu, ba ya cin ƙarfe, shi ya sa masu kiwo da yawa suka mayar da shi na kullum. Amma hannunsa gajere ne. Ba ya iya wa bairos masu tauri, ba ya iya wa ƙwayoyin dangin tarin fuka, kuma wani bincike da aka wallafa a 2016 daga Jami'ar Ilinoi ya nuna bai kashe funfunar fatar maciji ba, alhali bilic da barasar asibiti sun kashe ta. Sabulu kuma yana karya shi, don haka sai an ɗauraye kumfa sarai kafin a shafa. Sauƙinsa bai sa ya zama ruwan wanka ba, domin an taɓa samun kififiya da suka mutu bayan an jiƙa su a cikinsa. Ya dace da gogewar yau da kullum a kejin dabba lafiyayya. Ranar da cuta ta ɓulla, sai a nemi wanda ya fi shi.

Na uku shi ne F10SC, wanda kamfanin Health and Hygiene na Afirka ta Kudu ke yi, kuma ya samu karɓuwa sosai a wajen likitocin tsuntsaye da na dabbobi masu jan ciki. Haɗin sinadarai biyu ne, benzalkoniyum da folihekzanaid. Awonsa ɗan kaɗan ne, don haka da sirinji ake auna shi: mililita 2 a lita don aikin yau da kullum, mililita 4 idan ana zargin cuta, mililita 8 don bairos masu tauri. Kamfanin ya ce a awon da ya tsara ana iya barinsa ya bushe ba tare da ɗauraya ba. Duk da haka, kwanon da dabba za ta sha ruwa ko ta kwanta a ciki ya fi kyau a ɗauraye shi, domin ɗaurayar ba ta rage komai bayan maganin ya gama lokacinsa. Shi ma sabulu na rage masa ƙarfi. Cikin duka magungunan, shi ya fi kusa da haɗa ƙarfi da sauƙi wuri ɗaya. Aibinsa tsada, da kuma wuyar samu a wasu garuruwa.

Masu kiwon kaji sun san Virkon S, garin nan da ake kaɗawa ya ba da ruwa mai launin hoda. Giram 10 a lita ɗaya, minti 10 a jiƙe, sannan a ɗauraye. Yana da faɗin aiki kamar bilic, kuma launinsa na nuna ƙarfinsa: idan hodar ta koɗe, wanda kan faru cikin mako guda, ya tashi aiki. Garin yana fusata ido da hanci, don haka a kaɗa shi a waje. Haidurojin ferokzaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, yana da kyakkyawan hali na rikiɗewa ya koma ruwa da iska, ba ya barin komai a baya. Na kantin magani mai kashi 3 cikin 100 yana aiki a kan bakteriya idan aka ba shi lokaci, kuma haske na kashe shi, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Binega tana fitar da farin tabon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari a gilashi, amma ba abin dogaro ba ce wajen kashe ƙwayoyin cuta. Barasar asibiti mai kashi 70 cikin 100 ta dace da hantsaki da ƙugiyar ɗaukar maciji, sai dai tana bushewa da wuri kuma tana kama wuta, kada ta kusanci fitilar ɗumi. Aidin na rauni ne, kuma da shawarar likita.

Kirifto ita ce ke nuna iyakar duk waɗannan. Ƙwaya ce da ke zama a tumbin maciji ta sa bangonsa ya yi kauri. Maciji sai ya ci abinci, bayan 'yan kwanaki ya amayar da shi, tsakiyar jikinsa ta kumbura, sauran jikin yana ta ramewa. Wata 'yar uwarta tana kama ƙadangaru da tsaka a hanji. Ƙwayayenta suna fita a kashi cikin wani ƙoƙo mai tauri da kulorin ba ya fasawa. Shaidar wannan ta fito fili a 1993 a birnin Milwoki na Amurka, inda nau'in da ke kama mutane ya bi ruwan famfon da aka sa wa kulorin, mutum fiye da 400,000 suka yi rashin lafiya. Na maciji wani nau'i ne daban, amma taurin ƙoƙon ɗaya ne. Bilic da kulohekzidin da aidin duk ba sa yi mata komai a awon da aka saba. Abin da ke tasiri shi ne amoniya mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 na tsawon sa'o'i, ko ferokzaid mai ƙarfi fiye da na kanti, ko zafi mai laima, wato tururi da tafasasshen ruwa. Amoniya aikin waje ne, nesa da dabbobi, nesa da bilic, kuma gara a yi shi ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Duk abin da ke da araha a kejin da aka tabbatar da kirifto, kamar reshe da shimfiɗa da maɓuya, ƙona shi ya fi.

Wannan ya kawo maganar kayan da ke cikin keji, domin magani ɗaya ba ya yi wa kowane abu daidai. Gilashi da roba mai santsi da tangaran da bakin ƙarfe marar tsatsa suna karɓar magani su sake shi. Katako da ɓawon itace da kaskon yumɓu kuwa suna shanye shi, daga baya su riƙa fitar da shi a hankali idan ɗumi ya bugo su. Waɗannan zafi ne maganinsu. Kasko da ƙaramin dutse ana iya dafa su a ruwa. Reshe ana zuba masa tafasasshen ruwa ko a gasa shi a murhun gasa burodi a kan digiri 120 na kimanin sa'a guda, ana tsaye a kansa. Ba a jefa dutse cikin wuta, yana iya fashewa. Tafasasshen ruwa yana tsaga gilashi mai sanyi, yana lanƙwasa roba marar kauri. Rana irin ta Sahel babbar mataimakiya ce wajen busarwa da korar ragowar kulorin, kuma kyauta take, amma taimako ne a kan magani, ba ta isa ita kaɗai ba. Akwai kuma wani salon keji da ake zuba ƙasa da tsirrai da ƙananan ƙwari masu cinye ƙazanta. Irin wannan ba a sa masa magani a ƙasarsa sam, kwanon ruwa da gilashi kawai ake fitarwa a tsaftace.

Kuskuren da ya fi saurin kisa yana faruwa ne idan aka ga ƙwari. Akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari dangin kaska, ba su fi ƙwayar gero da aka raba ba, da ke shan jinin maciji; ana ganinsu a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, ko suna yawo a ruwan da ya jiƙa a ciki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba don su aka yi shi ba, sai mai dabba ya ruga ya ɗauko fiya-fiya ko Sniper ko maganin sauro na fesawa. Waɗannan guba ce ta jijiya, kuma a rufaffen keji tururinsu kaɗai ya isa ya kashe maciji. Ivomec, da makiyaya suka sani na tsutsar ciki da kaskar shanu, yana shanye jikin kunkuru da kififiya ya kashe su ko da kaɗan ne. Maganin waɗannan ƙwari na likitan dabbobi ne. Abin da mai kiwo zai yi da kansa shi ne ya zubar da shimfiɗa duka, ya wanke keji da ruwan zafi da sabulu har cikin lunguna inda suke yin ƙwai, ya shimfiɗa farar takarda don a riƙa ganinsu.

Babban wanki, wanda a yawancin keji ake yi kusan sau ɗaya a wata, yana da tsari. Ana fara ɗauke dabbar a sa ta a wani akwati mai murfi da ƙofofin iska, a ajiye a wani ɗaki, cikin inuwa. Akwatin roba da aka bari a rana yana kashe maciji cikin ɗan lokaci. A kashe fitilu, a cire wayoyin wuta. A kwashe shimfiɗa a ƙulle a leda. A wanke da sabulu da burushi, a bi kusurwoyi da layin da murfi ke zama, a ɗauraye. Sai a shafa maganin da aka auna, a duba agogo, idan wani wuri ya fara bushewa kafin lokaci ya cika a ƙara masa. A ɗauraye sau biyu ko uku, a shanya. Gwajin ƙarshe na hanci ne: mai aikin ya sunkuya ya shaƙi iskar ƙasan kejin, inda kan dabbar zai kasance. In ya ji ko alamar wari, ba a gama ba. Ya kamata a kunna fitilar ɗumi na ɗan lokaci a sake shinshinawa, domin zafi yakan tono warin da sanyi ya ɓoye. Tsakanin babban wanki da wani, kashi ana kwashe shi ranar da aka gan shi, kwanon ruwa a wanke kullum, a sa masa magani sau ɗaya a mako.

Mai aikin ma yana da nasa haƙƙi. Ya sa safar hannu, ya yi aiki a waje ko inda iska ke kaɗawa. Bokiti da soso da burushin keji su zama nasu daban, a yi musu alama. Ba a wanke kayan keji a madafa ko wurin wanke-wanke, ba a zubar da ruwan inda yara ke wasa ko kusa da rijiya. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, ko da an sa safa. Ƙananan yara da masu juna biyu ba su da hannu a wannan aiki. Kejin maciji mai dafi kuwa, irin su kumurci da kububuwa da kasa, ba a taɓa shi sai wanda aka horar, kuma ba shi kaɗai ba.

Sabuwar dabba ana keɓe ta a wani ɗaki na aƙalla kwana 90, a kan farar takarda, da kayan aikinta daban, kuma ita ake yi wa hidima a ƙarshe bayan an gama da sauran. Wannan ya fi muhimmanci ga wadda aka kamo daga daji ko aka saya a kasuwa. Bahaushe na yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, kuma halin danginsa ke nan gaba ɗaya: sukan ɗauki ciwo na makonni ba su nuna ba, suna kuwa yaɗa shi.

Haƙurin nan shi ke sa a makara wajen gane gubar magani, don haka ya kamata a sa ido a sa'o'in farko bayan an mayar da dabba kejinta. Alamun su ne numfashi da buɗaɗɗen baki, yawu ko kumfa a baki da hanci, jan fatar ciki, karkarwa, murɗewar jiki, yawan neman hanyar fita ba ƙaƙƙautawa, ko kasa juyowa idan ta kife. Da zarar an ga ɗaya daga ciki, a fitar da ita zuwa wuri mai iska, a ɗauraye jikinta da ruwa mai ɗan ɗumi ba tare da an nutsar da kanta ba, a sa ta a akwati mai tsabta a kan takarda. Kada a ɗura mata madara ko manja ko wani abu da sunan karya guba, domin yana iya wucewa huhu. A kai ta wurin likitan dabbobi tare da kwalbar maganin da aka yi amfani da shi, a gaya masa awon da aka haɗa da lokacin da aka mayar da ita kejin.